Buhu Biyu Daga Argungu

Nasarawa, Birnin Kebbi
Agusta, 1982

Zuwa ga taubashiyata Laure, sarauniyar tsakuwa ta ƙasar Argungu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki Hodi da yara kuna lafiya, da Gwaggo Asiya da ciwon gwiwarta. Mu nan lafiya lau, sai dai kurkunu da ya zaɓi idon sawuna na hagu ya yi masauki, ko sallama bai yi ba. Sakinatu na gaishe ki.

Bayan haka, ki taya mu murna. Titin kasuwarmu ya waye. Wallahi in kika zo yanzu sai kin ji kamar ki cire takalmi kafin ki taka shi. Kin tuna dā, in mutum ya shigo daga bakin tasha hancinsa ke gaya masa inda yake: warin fata wajen dukawa, hayaƙin maƙera, busasshen kifinku, sannan albasar Augie ta sa shi hawaye kafin ya iso layinmu na 'yan awon shinkafa. To, an raba mu da wannan wahala. Yanzu titin wari ɗaya gare shi daga farko har ƙarshe, warin sabuwar roba.

Tsohon nan mai tukwane ya kwashe tulunansa ya koma gida. A wurinsa an jera bokiti, ja da shuɗi da kore. Ba ya fashewa, ba ya kuma sanyaya ruwa, amma wa ya damu da ruwan sanyi in an samu launi? Masu ƙwarya sun bi bayansa. Telan da ke jikin masallaci, wanda ya ɗinka rigar auren babana, yanzu aikinsa rage hannun rigunan gwanjo da wasu Turawa suka gaji da su. Jiya na ga ladaninmu cikin kwat mai gashi a wuya, ana zufa kamar a gindin murhu. Na ce Malam, sanyi kake ji? Ya ce a'a, araha yake ji.

Wani abin alherin kuma, tafiya ta zama ba dole ba. Bara na je Jega, na je Kamba, na tsallaka iyaka har Gaya. Duk abin da na baro a gida shi na iske yana jirana: batir, madarar gwangwani, tumatirin gwangwani, rediyo mai kaset, takalmin roba, da sardin. Kifi a cikin gwangwani, Laure, a ƙasar Kabi! In aka ɗaure maka ido aka sauke ka tsakiyar titi, sai ka tambayi wani kafin ka san garin da kake. Ashe duniya ba ta da faɗin da malamanmu na firamare suka ce.

Wanda Allah ya sa alherin ya biyo ta hannunsa a layinmu shi ne Alhaji Maigandi. Kin san shi, dā awon gero yake yi, har aron tiyarmu yakan zo yi in tasa ta lotse. Yanzu tirela ke sauke masa shinkafa daga Ikko, wadda ta hawo teku daga wata ƙasa wai ita Tailan, wata kuma daga Amirka. Fara sol, doguwa, kowace ƙwaya kamar an auna ta da 'yar'uwarta. Ba tsinta, ba rairaya. Matan ma'aikata sun ce ko wanki ba ta so. Na ci. Gaskiya ba ta da laifi ko kaɗan, ɗanɗano ma ba ta da shi, kamar an tafasa farar takarda an zuba miya.

Maƙwabtanmu ɗaya bayan ɗaya sun karɓi buhunan Alhaji suna sayar masa. Ba mai tsoma hannu a masaki ya ciji ƙwaya ya ce wannan ta Ambursa ce, wannan ta Argungu. Hoton da ke jikin buhu ake dubawa. Masu kayan gida saura mu uku, biyun kuma tsofaffi ne da ke zuwa don hira.

Ni dai ina nan a rumfar Kaka Riskuwa, inda babana da mahaifiyarki suka koyi riƙon tiya. Zanarta ta yi baƙi, tana tsaye tsakanin sababbin kantuna kamar tsohuwa a cikin ƙawayen amarya. Shinkafar da kika aiko tun kafin azumi, sai jiya na ga gindin buhun ƙarshe. Dā kasuwa biyu ba ta kaiwa. Masu sayenta yanzu waɗanda haƙoransu suka riga suka zube ne, ba su da abin da tsakuwarki za ta karya. Saboda haka kada ki yi gaggawar aiko wata. Ki huta, ki ba tukunyar gumi, wadda kike turara shinkafar a ciki, hutu, ki zo ki ga gari.

Taubashinki da ya fi ki wayo,
Kalilu

Argungu
Satumba, 1982

Zuwa ga Kalilu, ɗan birni mai baki kamar reza,

Takardarka ta iso ta hannun Tamba direba. Muna lafiya, ruwa ya cika fadama bana, Hodi kullum yana can. Na karanta ma Inna, amma na tsallake wajen tsakuwa, don ka san ba ta son a taɓa shinkafarmu ko da wasa. Allah shi sawwaƙe kurkunu. Ka riƙa naɗe shi ga tsinke a hankali, kada ka ja shi da ƙarfi irin yadda kake jan masu saye. Alhakin bakinka ne yaf fito ta ƙafa.

Kai da kag girma da tuwon shinkafar gidanmu, haƙoranka nawa sunka zube? Ni ke jiƙa ta, in guma ta, in shanya bisa tabarma ina korar kaji da awaki, in surfa, in bakace, in zauna in tsince har idona shi yi ruwa. Kai aikinka zama ƙarƙashin inuwa da tsokanar matan mutane. In ka iske tsakuwa, kai ne kaz zuba don tiya ta yi nauyi.

Tunda kac ce kada in yi gaggawa, ban yi ba. Zabarmawa sun zo daga Dosso, ba su yi mani ba'a ba, sunka kwashe duk abin da ke ƙasa. Abin da yar rage cikin rumbu na bakin yara ne, sai iri, har sabuwa ta iso.

Wayewar taku ta fara leƙo mu. An buɗe kanti biyu bakin kasuwa, da buhunan nan masu hoto. Wata maƙwabciyata ta sayo don biki, wai kada baƙi su raina ta, alhali mijinta gonar shinkafa gare shi. Hodi ya ce in abin ga ya ci gaba, baɗi albasa za shi yi. Na ce mashi albasa ba ta tuwo.

Inna ta ce a tambaye ka, durumin nan na bayan rumfa yana nan? Ta ce ƙarƙashinsa Kaka ke ajiye ta da ita da babanka suna ƙanana, ranar kasuwa. Kullum sai ta yi zancen rumfar, wai in gwiwa ta bari za ta zo ta zauna cikinta ko sau ɗaya.

Watan cika-ciki na tafe, watan taubasai. Ka shirya. Ban manta da bara ba.

Taubashiyarka da ke ciyar da kai,
Laure

Birnin Kebbi
Oktoba, 1982, bayan Babbar Sallah

Laure,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ki gaida Gwaggo, ki ce mata durumi na nan. Ƙafata ta kumbura har gwiwa, a bayan keke ake kawo ni rumfa a mai da ni. Da ba don haka ba, da ni kika gani, ba takarda ba.

Ki ajiye wasa gefe ki karanta wannan da kyau.

Za a rushe layinmu a gina kantunan bulo masu ƙyauren ƙarfe. Sarkin Kasuwa Dikko ya tara mu ya ce duk mai rumfa tun asali za a ba shi kanti a wurin rumfarsa. Kin san ba takarda ke riƙe wuri a layin 'yan awo ba, tiya ce. In tiyarka na tsaye bisa kayanka, wurin naka ne. In ba kaya, a kife ta, wurin ya mutu, a ba mai abin aunawa. Haka aka yi tun kafin a haife mu, ba wanda ya taɓa jin tsoron dokar, don ba wanda rumfarsa ta taɓa zama fayau. Sarki zai zagaya da mutanen gini ranar kasuwar da ta biyo bayan goma ga watan cika-ciki. Abin da ido ya gani ranar shi ne shari'a.

Za ki ce in sayi buhu ɗaya wurin Alhaji in ajiye. Nan gizo ke saƙar. An ce duk rumfar da aka iske da buhu mai hoto, cikin wuraren Alhaji za a sa ta, tunda kayansa ne. Maƙwabtanmu sai yanzu suka gane abin da suka karɓa. Na aika Ambursa, matan can sun daina gumi tun da ciniki ya tsaya, abin da ke rumbunansu iri ne, ba mai taɓa shi kafin girbi. Tsofaffin nan biyu abin da ke gabansu bai cika masaki ba, balle su raba da ni.

Rumfar Kaka yau ba ƙwaya ɗaya a cikinta, ni kuma na jawo da bakina da na ce kada ki aiko. Na sani. Ki yi mini faɗa daga baya.

Ki roƙi Hodi ya buɗe rumbu, ki guma buhu biyu, ko ɗaya ne. Na bakin yara ne, na ji, amma ba sayarwa zan yi ba. A gan ta kawai bisa tabarma, washegari Tamba ya mayar miki da abinki.

Don Allah, Laure. Ban taɓa ce miki don Allah ba.

Kalilu

Argungu
Daren jajibirin cika-ciki

Zuwa ga babban ɗan wasan Birnin Kebbi,

Lafiyarmu lau, mun ci mun ƙoshi kamar yadda watan yac ce. Allah shi ba ƙafarka lafiya, in ma da gaske ciwo take.

Kai, Kalilu! Bana ka yi ƙoƙari. Wallahi saura kaɗan. Har na miƙe zan kira Hodi daga fadama, sai Allah yas sa nid dubi wata. Takarda wai tun bayan Sallah anka rubuta ta, amma ba ta tashi isowa ba sai shekaranjiya, ana gata cika-ciki. Tamba wai motarsa ce tal lalace, takardar na cikin aljihun mota wajen makanike. Na ce mashi sannu, nawa ne rabonka cikin dariyar? Jiya kuma sai ga Nana mai kifi, wadda ke kai kaya kasuwarku, wai kai kat tsai da ita bakin rumfa har da hawaye, ka ce ta gaya mani in yi sauri. Hawaye, Kalilu? Kai? Nan ne kay yi yawa.

Bara war haka kai ne ka aiko wai Sakinatu ta haifi tagwaye. Nid daka yaji kwana da kwanaki, nis sayi turmin atamfa, nih hau mota da kaji biyu, nit tarar da akuyarka ce tah haihu. Layinku duka sunka fito suna mani barka. Bara waccan kuma wai wani Balarabe na son shinkafata mota guda. Yanzu ka zo da Sarkin Kasuwa da tiya da “don Allah”. Wa zai rushe rumfar Riskuwa cikin Birnin Kebbi, Dikko na da rai? Da babanka sunka yi makarantar allo.

To, ka ce buhu biyu, ga buhu biyu. Ni da matan gidanmu munka cika su da ɓuntu, ƙaiƙayin shinkafa, mai kyau, na bana, wanda ko akuya ba ta ci. Munka sa duwatsun bakin gulbi daga ƙasa don nauyi, tunda kai ne mai son tsakuwata. Hodi yaɗ ɗinke baki da basilla, ɗinkin da ko mai awo ba ya ganewa. Inna ma da ba ta san mi ake ma dariya ba sai da tad dara.

Fatana ɗaya, ka buɗe su gaban mutanen nan da sunka yi mani barka bara. Sharar taubasai ta bana ke nan, mun yi biyu da biyu.

In girbi ya zo, za ka ga ta gaskiya.

Wadda tar rama,
Laure

Birnin Kebbi
Nuwamba, 1982

Laure,

Muna lafiya. Kurkunu ya fita, ƙafa ta fara taka ƙasa.

Fatanki ya cika. Bari in ba ki labari, tunda ba ki samu gani ba.

Ranar tun da hantsi Sarki Dikko ya shigo layi da mutanen gini da igiyarsu ta awo, Alhaji Maigandi na biye cikin farar shadda. Rumfarmu ce ta kusa da baki, amma tsohon ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya fara daga can ƙarshe. Kowace rumfa sai ya zauna, ya tambayi lafiyar iyali, ya nemi ruwa, ya ba da labarin zamanin Turawa. Na gane jinkiri yake yi mini. Ni kuwa na shimfiɗa tabarma, na share, na tsai da tiya bisa wofi, idona na kan hanyar tasha.

Har ya rasa inda zai ƙara tsayawa, ya iso.

Ya ce, “Kalilu, ina kayanka?”

Na ce, “Suna hanya, ranka shi daɗe.”

Ya ce, “Ɗana, hanya ba rumfa ba ta.”

Bai rufe baki ba sai ga ƙahon motar Tamba. Da kin ga layin nan, Laure. Mutanen da suka riga suka rasa wurarensu su ne suka ruga suka ɗauko buhunan a ka, suna cewa a ba da hanya, shinkafar Argungu ta iso. Tsohon nan mai tukwane, da ya zo kallo, har kabbara ya yi. Tamba ya miƙo mini takardarki, na tura aljihu. Wa ke karatu a lokacin nan? Na dubi Alhaji, na ce, “Alhaji, matso ka ga wadda ba ta sha ruwan teku ba.” Kin san bakina. Na karɓi wuƙa, na yi bisimilla, na farke ɗinkin Hodi.

Iska ce ta fara ɗiba. Ɓuntu ya tashi ya sauka kan farar shaddar Alhaji, da rawanin Sarki, da gemun kowa. Na tura hannu har kafaɗa, na ce ko a sama ne kawai. Na fito da dutse. Na farke na biyun.

Can sai wata mai ƙosai ta buga guɗa ta ce, “Cika-ciki! Taubashiya ta rama tagwaye!”

Layin ya fashe. Ba dariyar mugunta ba ce, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Kowa ya gane wasan, kowa ya yaba. Wani na cewa wannan 'yar Asiya ce, ba ƙarya. Wani na tuno wanda kakarsa ta yi wa nata taubashin. Rabon da in ji titin nan ya yi murya ɗaya haka, na manta. Sarki Dikko ya yi dariya har ya dafa sanda. Da ya gama ya goge ido da bakin rawani, ya duƙa da kansa, ya ɗauki tiyar Kaka ya kife.

Ya ce, “Wasan ya yi kyau, ɗana. Amma ba a awon ɓuntu.”

Na roƙe shi ya ba ni zuwa girbi. Ya nuna mini waɗanda aka kife tasu da safe, ya ce da wane ido zai dube su.

Alhaji ya kakkaɓe rigarsa, bai yi fushi ba. Mai nasara ba ya fushi. Ya dafa ni ya ce, “Malam Kalilu, wurin nan ba wanda ya san shi kamarka. In an gina, ka zo ka riƙe mini.” Ina da Sakinatu da yara huɗu, kin san amsar da za ta fito.

Sai da aka watse na karanta takardarki. Ta yi daɗi. Kin iya rubutu.

An fara rushewa shekaranjiya. Kada ki gaya wa Gwaggo.

Kalilu

Argungu
Maris, 1983

Ɗan'uwana Kalilu,

Ina gaishe ka, ina gaida Sakinatu da yara. Jikinmu lafiya. Inna gwiwa ta hana ta fita ko tsakar gida.

Takarda ta uku ke nan ba amsa. Da anka yi girbi na aiko buhu huɗu, wadda nit tsince da hannuna har sau biyu. Tamba yam maido su, yac ce ka ce ba inda za a sauke. Ban ga laifinka ba. Ban san kalmar da ake faɗi ba, Kalilu. Hodi ya ce shi ma tun ranar bai sake riƙa basilla da daɗin rai ba.

Ba ka sani ba, na zo Birnin Kebbi makon jiya. Nic ce ma Inna asibiti za ni. Nis sauka tasha nib bi titin da nike bi tun ina goye. Ina neman durumi don in gane wurin, babu durumi. Kantuna ne jere, ƙyaure iri ɗaya, shuɗin fenti iri ɗaya, bokiti rataye bakin kowane, buhu bisa buhu. Na kai ƙarshe, na komo, na sake komawa. Ni Laure, jikar Riskuwa, ina yawo cikin layinmu kamar baƙuwar da anka sauke garin da ba nata ba. Wani mai kanti da ban taɓa gani ba yac ce, “Hajiya, shigo, akwai 'yar waje, ki huta da ta ƙauye.”

Da muryarka nig gane wurin. Kana ciki, bayan buhuna, kana ma wata mata ciniki. Kana ce mata, “Uwar gida, wagga in kin dafa, maigida ba shi sake cin abinci waje.” Maganar da kake yi ma tawa ke nan, ko harafi ba ka canza ba. Matar tad dara, tas saya.

Na tsaya tsallaken titi har ƙafata tag gaji. Na ga ka fito ka zuba ruwa bakin kanti, ƙafar ta warke, na gode Allah. Ban iya tsallakowa ba. Nik koma tasha.

Inna tat tambaye ni ko na biya rumfa. Nic ce na biya. Tac ce durumi ya yi ganye? Nic ce ya yi.

Hodi ya raba gona biyu, rabi albasa. Tukunyar gumi na kife bayan ɗaki, kaji na kwana cikinta. In ba ka son yi mani magana, ka zage ni ko cikin takarda ne. Shirun ga ya fi zagi.

Laure

Birnin Kebbi
Fabrairu, 1986

Zuwa ga Laure 'yar Gwaggona,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kuna lafiya, ya ƙarin haƙurinmu. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta. Da na zo gaisuwa bara na zauna cikin maza, na aika miki ta'aziyya da bakin Sakinatu. Ba fushi ba ne. Tsoro na ji kada ki fito mu haɗa ido, ɗayanmu ya yi dariya ko kuka, ga mutane. An ce har ta cika tana cewa a kai ta rumfa. Na gode da ba ki gaya mata ba.

Takardunki duka suna nan. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Mutumin da ya saba rubuta miki tsiya, in aka raba shi da tsiyar, sai ya iske bai san wata Hausa ba. Kuma in za a raba laifi da tiya, wanda ya aiko da labarin tagwaye ba zai tashi da kaɗan ba.

Yau ma ba zumunci ne ya kawo ni ba, kada ki yaba mini. Aike ne.

Kin ji a rediyo gwamnatin soja ta hana shigo da shinkafar waje. Tirelolin Alhaji sun daina zuwa. 'Yar wadda ke biyo dare ta wajen Kamba ba ta isa ko kanti biyu ba. Titin da aka gyara don kayan teku yanzu ya zuba wa hanya ido, teku kuwa ta yi shiru. Rabin ƙyamaren layinmu a kulle. Ba maƙera, ba dukawa, ba mai tukwane da zai dawo ya buɗe su. Wasu sun mutu, 'ya'yansu na acaɓa tsakanin nan da Ambursa.

Sai ga Alhaji ya tuna akwai fadama a ƙasar nan. Jiya ya kira ni ya ce, “Malam Kalilu, 'yar'uwar nan taka mai wasa, har yanzu tana gumi?” Bai manta da ke ba, ya ce shaddarsa ma ba ta manta ba. Yana son duk abin da za ki iya, ke da matan unguwarku, bana da baɗi. Ya sayo inji mai fidda tsakuwa ya goge ƙwaya ta yi fari. Ki ce wa Hodi ya sake shawara da albasarsa.

Sai dai akwai ɗan ƙarin bayani. Mutanenmu sun riga sun waye, wayewa kuwa ba ta komawa baya don rediyo ya yi magana. Makon jiya na samo 'yar Ambursa mai kyau, na zuba a masaki kamar dā. Matar wani ma'aikaci ta leƙa ta yatsina fuska, ta ce ita ba ta cin ta gida, tana sa mata ciwon ciki. Na ce ta jira. Na shiga ciki na juye ta a tsohon buhu mai hoto, na jawo shi waje ina nishi. Ta saya, ta yi mini godiya, ta roƙe ni in riƙa ɓoye mata. Jiya ta dawo ta ce ai daɗin ta waje daban ne.

Alhaji ya fi ni sanin wannan. Sito guda ya cika da buhuna masu hoto da babu komai ciki, an wanke, an shanya, an jera.

To, ga yadda abin yake. Shinkafarki za ta sauka a daidai wurin da Kaka Riskuwa ya shimfiɗa tabarmarsa. Ni zan auna ta, da tiyarsa, don na ɗauke ta ranar nan kafin a zuba ƙasa. Za ta ƙare kafin kasuwa biyu, kamar dā. Ba wanda zai ce ta Argungu ce, ba wanda zai ce ta Laure ce, ni ma an hana ni faɗi. Ban ce ki yarda ba, ban ce ki ƙi ba. Na san yara sun girma, na san albasa ta faɗi bara.

Ki duba wata kafin ki amsa. Cika-ciki da saura.

Taubashinki,
Kalilu

Af, na kusa mantawa. Masu ɗinkin buhu na jira, Alhaji ya ce a ba ki zaɓi don girmamawa. Shinkafar taki, daga ina kike so ta fito, Tailan ko Amirka?